Kawu Bala da Agogon Milibar

Duk wanda ya san Kawu Bala, yayan innarmu, ya san ba ya gaida ɗan Adam da safe sai ya gaida agogon turumba, wato injin ban-ruwa. Shi ne usta mai kula da injin da ke jawo wa gonakinmu ruwa daga kogi, can gefen garin Abu Na'ama. Zai ƙwanƙwasa gilashin da farce ya tambaye shi kwana, mu kuwa ko oho.

Agogon ba na lokaci ba ne. Kafin ruwa ya hau bututu sai an zuƙe iskar da ke ciki, allurar kuma ita ke nuna ƙarfin zuƙar da inci na zaiba. In ta kai sha biyar, ruwa ya taho. Rowa kuwa, Allah ya yi wa Kawu! Da allurar ta karye ƙayar kifi ya liƙa a madadinta. Na ce ai abin kunya ne, ya ce kifi ya fi ni sanin ruwa.

Da agogon ya mutu murus, manoma suka sayo sabo daga birnin Sinnar, mai awo da milibar maimakon inci. Lokacin albasa na tsananin son ruwa. Kawu ya ɗaura shi yana harararsa, ya tada inji. Allura ta wuce ɗari, ta wuce ɗari biyu. Sai ga dattijo ya kashe inji ya arce cikin ayaba, ya bar takalmi ɗaya.

"Ku ja baya, ya jama'a! Abin da bai taɓa wuce sha biyar ba, yau shi ne ɗari biyu? Hwashewa za shi yi."

Kwanaki ya hana kowa matsawa kusa. Albasa ta fara kwanciya, raina ya ɓaci ƙwarai, don har da tamu. Na same shi na yi masa bayani: inci ɗaya kusan milibar talatin da huɗu ne, sha biyar ɗinsa ita ce ɗari biyar da goma. Ya ce shi ba ya yarda da ma'aunin da ke kumbura lamba kamar dillali. Da ƙyar ya sa na nuna masa wurin ɗari biyar da goman, ya ɗauko fentin ƙofa ya ja layi a gilashin, ya rubuta sha biyar. Allura na taɓa layin ruwa ya ɓarke. Ya kalle mu a ɗage ya ce, "Kalas, shi ke nan, agogo ya koyi Hausa."

Tun daga nan duk babbar lamba sai ya sa a raba ta da talatin da huɗu. Bara da aka kwantar da shi a asibiti, likita ta auna hawan jininsa ta ce ɗari da saba'in. Ya juyo ya ce in raba. Na ce wannan awo daban ne, ya zare min ido. Na ce biyar.

Sai ya kama hannuna.

"Biyar ba ta ɗaga ruwa, ɗana. Gobe kai ka tada inji, albasar mutane na jira."

Mutumin da bai taɓa barin kowa ya taɓa injin nan ba. Na tada shi washegari ina kuka, ruwa ya hau. Kawu bai dawo gida daga asibitin ba.

Allah ya ji ƙanka, Kawu, ya shayar da kai kamar yadda ka shayar da gonakinmu. Amin.