Ramin Maiƙon da Ya Ci Iya Hansai

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina hura gawayi da safen nan aka kira ni: Iya Hansai ta cika a asibiti.

Ita ce dattijuwar nan 'yar Dudunni mai wanke-wanke a gidan abincin Alhaji, yayan mijina, nan Kankia. Da aka kawo ni garin ina amarya na fara taya su aiki, ita ta fara jawo ni a jiki. Kullum sai ta ɓoye mini ƙanzon shinkafa a gefen murfi.

Ba ta iya karatu ba, amma ta fi ni son littattafan soyayyata. In aiki ya lafa sai ta goge hannu a zani ta ce, "To ɗiyata, ya aure ta ko har yanzu shirme yake?" In na ce bai aura ba, ta ja tsaki: "Ragon banza. A Dudunni da tuni an sha biki."

A bayan kicin akwai rami mai murfin ƙarfe. Ruwan wanke-wanke ke bi ta ciki, maiƙo ya taru a sama ya daskare, ruwan ya wuce kwata. Iya kan kwashe na saman da tsohon ludayi, amma na ƙasan sai maza da shebur. Ta yi magana a kira su har ta gaji. Amsar Alhaji ɗaya ce: a zuba ruwan zafi. Ruwan zafin ya narka maiƙon ya tura shi cikin bututu, can ya sake daskarewa, hanya ta toshe. Ruwa ya riƙa dawowa kan siminti, santsi kamar an shafa sabulu.

Kun san abin da yake yi in an ce duba-gari na tafe? Ya sa a wanke wurin, ya shimfiɗa tabarma a kan murfin, ya jera butoci. Wa zai ce a ɗaga wurin sallah?

Ranar da abin ya faru ina tsaye ina yanka albasa. Iya ta sauke kaskon mai daga wuta, ta juyo, ƙafarta ta tafi, man ya kife mata a jiki. Ihun nan bai bar kunnena ba.

Da na je duba ta, an naɗe ta daga wuya har cinya. Ta buɗe ido da ƙyar ta ce, "Ke kika zo? Ki dai riƙa taka wurin nan a hankali."

Shi ke nan maganarmu ta ƙarshe.

Shi kuwa Alhaji yana ta gaya wa mutane wai jiri ne ya ɗebe ta, wai tsufa. Ko rufe wurin bai yi ba, yau ma an ɗora tukunya.

Alhaji, na san za a nuna maka wannan. Ban yafe ba. Allah Ya hana ka daɗin duk lomar da ta fito daga kicin ɗin nan, Ya tsayar da kai gabanta ranar da ba mai rufa wa wani.

Maigidana ya ce, "Ki bar wa Allah, ɗan'uwana ne. In kika tona, ban san inda zamanmu zai kwana ba." Ina son mijina, Allah Ya sani. Na yi kuka har kaina ya yi ciwo.

Ya Allah Ka jiƙan Iya Hansai, Ka sa zafin da ta sha ya zama kaffara, Ka sanyaya makwancinta. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa ta a addu'a, ko da sau ɗaya.

Gobe in an idar da gaisuwa zan wuce ofishin duba-gari, ni zan kai su har bakin ramin.