Macen ɓeran Masar ɗinmu

Shekarar da aka mayar da tuƙin mota hannun dama muna zaune a Hayin Banki, ina 'yar shekara goma. Maƙwabciyarmu, wata malamar firamare 'yar kudancin Kaduna, ta ba ni ɓeran Masar guda biyu, mace da namiji, a cikin akwatin katako. Ta ce, "'Yata, ki kula da macen, ciki gare ta."

Yayana ne ya ƙirƙiro wasan, mugu! Sai ya ƙwanƙwasa tasa da cokali, sannan ya ɗana musu waya mai zafi a baya. Ni kuwa ni nake tare su da hannu kada su gudu, ina ƙyalƙyala dariya. Ba wanda ya tilasta ni, wallahi daɗi nake ji.

Kwana uku muka yi muka gaji. Namijin ya gane ƙarar tasar ce abokiyar gabarsa. In ya ji ta sai ya ruga lungu, in ba ita ba ko a jikinsa, cin ciyawarsa yake yi. Macen kuwa komai ya zame mata tasa: guga a bakin rijiya, taɓaryar Inna, ƙarar ƙofa, har takun ƙafata in na kawo abinci. Yaya ya ce, "Kin ga halinku na mata ke nan." Na ji haushi, amma haushin a kanta na sauke, na ce wawiya ce.

Ta haifi 'ya'ya uku. Da sun kama nono sai wani abu ya yi ƙara a tsakar gida, ta zabura ta tattake su. Gidanmu kuwa ba ya rabuwa da ƙara. Biyu suka mutu a kwana na biyu.

Na rantse na ukun sai ya rayu. Na kamo ta, na danne ta a cinyata, na manna mata shi a ciki. "Tsaya mana, don Allah tsaya!" Ina jin zuciyarta tana bugawa a tafin hannuna kamar za ta fito. Can sai ta daina mutsu-mutsu, na yi murna na ce ta haƙura.

Na kira Inna ta zo ta gani. Ta taɓa ta da yatsa, ta dube ni, ta ce, "Ke, sake ta haka nan. Gawa yake tsotso."