Sanarwar Malam Zulkifilu Kan Ƙofar Ɗakin Sanyi

Malam Zulkifilu mutumin Gusau ne, kuma kafin ya zo Amurka a 2003 akawu ne a sakatariyar ƙaramar hukuma. Can ya koyi rubutu irin na mutunci: a fara da gaisuwa, a yi godiya, sannan a lallaɓo kan magana. Mummunan labari kuwa ba a sa shi gaba. Ranar da aka aike shi ƙauye ya faɗi rasuwar kawunsa ma, sai da ya sha ruwa, ya tambayi lafiyar shuka, sannan ya ce jikin Kawu ya ɗan yi tsanani.

A wani gari mai suna Laurel ya samu aiki a wani sito na daskararrun kifi da kaji. Ya sha ɗaukar kwali shekara da shekaru kafin a ba shi shugabancin ma'aikatan safe, har da rubuta sanarwar da ake liƙawa a bakin ɗakin cin abinci. Da Turanci yake rubutawa, amma wallahi tsarin na Gusau ne sak. Ma'aikata su karanta layin farko, su yi dariya, su wuce. Manaja ta sha ce masa ya riƙa sa muhimmin abu a sama. Ya ce to, a ransa kuwa yana cewa wannan ai rashin tarbiyya ne.

Wata safiya Martins, direban motar ɗaga kaya, ya daki ƙofar ɗakin sanyi na baya, mariƙin ciki ya karye. In ta rufe da mutum, ba fita sai an buɗe masa daga waje. Mai gyara ya ce sai gobe. Zulkifilu bai so ya tona wa Martins asiri ba, ga shi sabon ɗauka. Sai ya rubuta sanarwa, ya gaida kowa, ya yaba ƙoƙarin mako, ya yi wa abokiyar aikinsu Constance barka da haihuwa. Can ƙasa ya ce akwai wata ƙofa a baya da ke son a ɗan kula da ita. Haba Malam! Wa zai karanta har nan?

Ya idar da azahar ke nan ya ga kwanon abincin Chuwang a kan tebur ba a buɗe ba, ga wayarsa a gefe. Chuwang ɗan Jos ne, abokin hirarsa, kuma ba ya wasa da cikinsa.

"Ina Chuwang?"

Wani ya ce tun hantsi ya shiga baya ɗauko kaji.

Zulkifilu ya miƙe zumbur. Ya ruga ɗakin sanyin yana ta innalillahi. Ƙofar a rufe take ruf, injina na ta ruri, ko wani ya buga ba mai ji. Ya kama mariƙin waje, sai ya ji tsoron abin da zai gani, don shi kaɗai ya san abin da ya rubuta. Ya runtse ido ya ja. Ga Chuwang durƙushe a bayan ƙofa, ya cire safar hannu don ya murɗa guntun mariƙin da ya karye da yatsu. Leɓɓansa sun yi fari fat, an kira sunansa bai amsa ba.

Da motar asibiti ta tafi da shi, manaja ta ce Zulkifilu ya kira matar Chuwang, tunda sun san juna. Ya danna lambar. Bakinsa ya soma ina wuni, ya haɗiye ta da ƙyar.

"Maman Jerome, Zulkifilu ne. Chuwang ya maƙale a ɗakin sanyi, an kai shi asibiti. Ki taho yanzu."

"Yana da rai, Malam?"

"Da aka ɗauke shi yana numfashi. Iyakar abin da na sani ke nan."

Chuwang ya rayu, amma sanyi ya ci yatsunsa biyu na dama, aka yanke. Ya dawo aiki, bai taɓa ce wa Zulkifilu uffan kan maganar ba. Tun daga ranar, duk abin da zai iya kashe mutum shi Malam ke sawa a layin farko na sanarwarsa. Kowace safiya kuma Chuwang zai miƙo masa hannu su gaisa, shi kuwa ya ji gurbin yatsun nan a cikin tafinsa.