Rijiyoyin Turawa Sun Hau Intanet

"Sake shi haka nan!" na ce wa jikata Hafsatu. Ta rungume kwamfuta ta ƙi.

Ran Asabar ta zo daga Kano, ta ɗauki muryata ina lissafo tsofaffin rijiyoyin garinmu, Turawa, da waɗanda suka haƙa su. Ran Lahadi har ta haɗa musu shafin intanet, saura ta sake shi. Ni ban yi boko ba, a kaina suke, kuma sa'o'ina da suka san su duk sun rasu.

Ta ce, "Haba angona! Ba hoto, ga tarinka, ga akuya tana kuka. Bari sai na dawo da sallah."

Na ce, "Amarya, wa ya yi miki alƙawarin zan kai sallah? Akuyar ma 'yar Turawa ce."

Ta yi dariya, ta danna.

Jama'a, kafin magariba wani ya kira daga Ruwan Bago, wai yau ya fara jin sunan kakan babansa! Wani kuma ya ce na yi kuskure a rijiyar bakin kasuwa. Ban yi ba, amma ya zo mu zauna.

Ku fa, wa ya haƙa ta unguwarku? Ku rubuto, a karanta mini.