Ramin da Kawu Ya Haƙa

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, gajeren mutum ne marar yawan magana, aljihun rigarsa ba ya rabo da sukudireba. Shekara goma sha huɗu ya yi yana kula da kwamfutocin wani kamfanin gwajin jini mai rassa uku. Ofishinsa wani lungu ne a bayan ma'ajiya, babu taga, sai na'urori masu ƙyafta koren haske da fanka mai kuka. Ma'aikata suna ce masa Mai Waya.

Shi ya haɗa rassan da babban ofis tun yana sabon ɗauka, ta wata hanya da ake kira PPTP. Ya taɓa yi mini bayaninta: "Kamar ki haƙa rami ne a ƙarƙashin titin da kowa ke bi, saƙonki ya wuce ta ciki ba mai gani." Lokacin da ya haƙa shi, ramin ba laifi. Da shekaru suka ja, masana suka gano kwaɗonsa ya lalace: wanda ya san kan abin, in ya kama saƙon shigarka sau ɗaya, kwana guda ya ishe shi ya zaro kalmar sirrinka.

Sau tara Kawu yana rubuta takarda a sauya ramin. Manajan, mijin 'yar mai kamfanin ne, kuma amsarsa ɗaya ce kullum.

"Yana aiki ko ba ya aiki?"

"Yana aiki, ranka ya daɗe, amma..."

"To ajiye amma ɗin a aljihunka."

Wata Talata sakamakon gwajin mutum sama da ɗari ya fita waje. Wata mata ta ji ciwon da take ɓoyewa a bakin maƙwabciyarta. Manaja ya tara ma'aikata a ɗakin jiran marasa lafiya, ya nuna Kawu da biro, ya ce, "Ga wanda ya sayar da mu." Ya sa maigadi ya zazzage jakarsa a ƙasa. Kwalbar maganin hawan jininsa ta buɗe, ƙwayoyi suka watse ƙarƙashin kujeru. Kawu ya durƙusa yana tsince su ɗaya bayan ɗaya, mutum ashirin na tsaye, ba wanda ya sunkuya. A ranar aka kore shi.

A gida matarsa ta ce ya bar shi da Allah. Innata kuwa ta ajiye tsintsiya ta ce, "Ba kai ka haƙa ramin ba? Shiga ka goge musu komai, su ji a jikinsu!"

"Yaya, in na shiga ta baya na zama ɓarawon da ya ce," in ji Kawu. "Ta ƙofar gaba zan shiga, kuma shi zai buɗe mini."

Wata bakwai ya yi yana gyaran firinta a rumfar wani abokinsa. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. In hanya ta biyo ta gaban kamfanin, gara ya zagaya ta bayan kasuwa. Daga baya ya samu aiki a wani kamfani mai gwada tsaron kwamfuta, kuma ba da ka ya nemi wurin ba: ya ji wani babban asibiti na shirin ba tsohon kamfaninsa kwangila, amma sai an gwada tsaronsu tukuna. Ya roƙi sabuwar shugabarsa ta tura shi.

Ta kalle shi ta ce, "Malam, akwai wata a ƙasa ne?"

"Akwai, ranki ya daɗe. Amma ba zan rubuta ƙarya ko ɗaya ba."

Mai kamfanin da kansa ya sa hannu a takardar izinin gwajin. Ranar Litinin Kawu ya zauna a mota a gaban reshen da ke kusa da tasha, ya hau intanet ɗin da suke ba baƙi, yana jira. Ya san manaja yana zagaye duk Litinin. Ƙarfe goma sha ɗaya manaja ya buɗe kwamfutarsa ya shiga ramin, Kawu ya kama abin da ya zo kamawa.

Laraba aka zauna taro: mai kamfani, mutanen asibiti biyu, shugabar Kawu, da manaja, wanda ya miƙe ya buɗe ƙofa kafin ya ga wanda ke shigowa. Kawu ya gaishe shi da ladabi har da rusunawa. Ya jera kwafin takardunsa tara a kan tebur, kowace da sa hannun manaja a ƙasa. Ya nuna rajistar na'ura: ranar da sakamakon ya fita, da sunan manaja aka shiga. Sannan ya tura wata ninkakkiyar takarda gaban mai kamfanin.

"Baba, kalmar sirrinsa ce. Shekara biyar bai sauya ta ba."

Tsohon ya buɗe, ya daɗe yana kallo. Sunan mace ne, kuma ba sunan 'yarsa ba ne.

Kawu ya juya ga manaja. "Ranka ya daɗe, yana aiki ko ba ya aiki?"

A mota shugabarsa ta yi masa faɗa sosai, ta ce takardar nan ta ƙarshe ba ta cikin aiki. Ya ce ya sani.

Kafin wata ya ƙare manaja ya bar kujerar, matarsa ta koma gidan ubanta. Asibitin ya kai kwangilarsa wani wuri, aka rufe reshe guda, mutum shida suka rasa aiki, har da maigadin. Matar Kawu ta ce wannan fa bai yi daɗi ba. Kawu ya samar wa biyu daga ciki aiki. Maigadin kuwa da ya zo har gida, ruwa kawai aka ba shi. Sau uku mai kamfanin yana kira, Kawu yana kallon wayar har ta gaji.

Yanzu yana koyarwa a wata kwalejin fasaha ranakun Asabar, ya yi ƙiba har da tumbi. Kwanaki na tambaye shi ko ya taɓa yin nadama.

"Guda ɗaya," ya ce. "Na manta tabarauna a gida ranar taron nan. Ban ga fuskar manajan sosai ba."