Taubashin Datti daga Kiribati

Mijina Datti Bazazzagi ne, kuma wanda duk bai tsokana ba, to bai shiga ransa ba. Digiri na uku yake yi a nan ƙasar waje, a jami'ar da ke titin Jalan Semarak, yana kwatanta tsibiran tekun Pasifik: masu 'yancin kansu irin Fiji da Samoa da Kiribati, da waɗanda har yau suke hannun Faransa ko Amurka. Mutumin da ko kwalekwale bai taɓa shiga ba, wai shi ne malamin teku.

Lokacin kullen korona, maƙwabcinmu a unguwar Titiwangsa wani ɗalibi ne ɗan Kiribati, Tebano. Ya gama karatu, amma ƙasarsu ta rufe ƙofa, ko 'ya'yanta ba ta karɓa. Nakan zuba masa tuwo a roba, Datti ya kai, su tsaya nesa-nesa da takunkumi suna hira. A nan ya mai da shi taubashi, kamar yadda yake yi wa Kanawa. Yau ya ce mutanen ƙasarsu kaf ba su kai na Sabon Gari ba. Gobe ya ce Guam da ke ƙarƙashin Amurka tuni an kai mata allurar rigakafi, su masu 'yanci sai su ci tuta. Na sha ce masa, "Baban Zahra, bawan Allahn nan bai san wasan nan ba." Sai ya ce, "Ai yana dariya."

Wata rana ya ce masa kafin a buɗe iyaka teku ta cinye ƙasar, gara ya haƙura ya zama ɗan Zariya. Tebano bai yi dariya ba. Ya miƙo waya da hoton da ƙanwarsa ta turo: ruwa ya tone maƙabartar ƙauyensu, dangi na kwashe ƙasusuwan mahaifinsa su kai nesa da gaɓa. Ya ce shi ne ɗan fari, da hannunsa ya kamata ya ɗauka.

Datti ya dawo ya zauna, tuwonsa ya huce a gabansa. Ya san tsayin tsibirin nan a kan ruwa, shi ya rubuta da hannunsa a babi na huɗu na kundin digirinsa. Abin da ya manta shi ne, Bakano yana dariya ne don ya san Kano tana nan daram. Na ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa. Haƙuri kam ya bayar har ya gaji, amma kunyar ba ta sake shi ba. Ko Aliyu Bakano da suke ofis ɗaya sai da ya kira ni yana tambaya ko lafiya, an daina zaginsa.

Da aka buɗe iyaka, Tebano ya zo sallama da robarmu a wanke. Ya dubi Datti ya ce, "Tun ranar nan kake yi mini kamar baƙo. Tsokane ni ko sau ɗaya kafin in tafi."

Datti ya raka shi har bakin motar haya. Har motar ta sha kwana bai samu tsokanar da zai yi masa ba.