Tsohuwar da Bachisio ya hana ganin teku

Bachisio Marongiu mutum ne da ba a gaisawa da shi a tsaitsaye. Ka ce masa ina kwana, sai ya riƙe hannunka ya gaya maka daga wace kalmar Latin gaisuwar ta fito, yadda mutanen Spain suka lanƙwasa ta, da yadda Faransawa suka cinye mata rabi. Kafin ya sake ka, kofinka ya huce. Matarsa Grazia takan ce ranar da ya nemi aurenta sai da ya kawo mata tarihin kalmar aure tun daga tsohuwar Rum, ita kuwa ta amsa ne don kawai ya yi shiru.

Ɗan makiyayi ne daga duwatsun Barbagia na tsibirin Sardiniya a Italiya, amma tumaki ba su taɓa cin moriyarsa ba. Yana can yana tambayar tsofaffi sunan ciyawa, garken ya shiga gonar mutane. Da uban ya gaji da ba da haƙuri, ya tura shi makaranta. Ya yi karatu a Cagliari, ya ƙara a Jamus, ya dawo da tabarau da buri ɗaya tak: ƙamus da zai faɗi asalin kowace kalma ta yaren Sardiniya. Aikin ya ci ƙuruciyarsa, ya haɗa da gashin kansa.

Bachisio yana da doka, kuma da ita yake tinƙaho. Duk wanda zai karɓi kalma daga bakinsa, dole ya zama tsoho, mai haƙora, wanda bai taɓa fita daga ƙauyensu ba. Har ya taɓa yi wa abokin hamayyarsa Dakta Loi kaca-kaca a mujalla, don ya ɗauki kalmomi a wurin wani da ya yi aikin soja a Torino. Tun ranar Loi yake dakon inda Bachisio zai yi tuntuɓe.

Mutum ɗaya ce ta cika sharuɗɗan nan duka: Tzia Mallena, wato Inna Mallena a yarensu, wata tsohuwa mai baƙaƙen kaya a ƙauye na ƙarshe kafin hanya ta ƙare. Haƙoranta garau, bakinta kuma ya fi su kaifi. Duk ƙarshen mako sai ya hau dutsen da ƙaramar motarsa, da kofi da sukari a jaka, ya zauna a ɗakin girkinta yana nuna abubuwa.

"Me kuke ce wa wannan?"

"Ludayi ne, Farfesa. A Jamus ɗin da hannu kuke ɗiban miya?"

"A yarenku nake so, Tzia."

"To ci cukun nan tukuna. Dubi wuyanka, kamar na kazar da ta sha ruwan sama."

Haka suka yi shekaru. Rabin ƙamus daga bakinta ya fito, shi ya sa ya tsare ta kamar ƙwai a cokali. Da limamin cocinsu ya shirya wa tsofaffi mota zuwa ziyara, Bachisio ya ce mata motar tana karya baya. Da maƙwabciya ta yi niyyar ba ta rediyo, ya rantse abin yana kawo ciwon kai. Ƙarya yake shararawa, ya kuma san ƙarya ce, amma yakan gaya wa kansa cewa don ilimi ne.

Ana saura haruffan ƙarshe na ƙamus, wata Asabar ta ture kofin da ya kawo gefe.

"Yau ba kalma."

"Ba ki da lafiya ne?"

"Lafiya lau. Teku nake so ka kai ni."

Bachisio ya ƙware da burodi. "Teku kuma? Ruwa ne kawai, Tzia, ko tunkiya ba ta shan sa. Bari mu gama littafin, in ya so..."

"Littafin da aka fara tun kana da gashi? Kai dai ka ce in bari sai na mutu. Ka ce mota na karya baya, ga ƙawata Peppina ta je ta dawo tana rawa. Ka ɗauka ban gane ba? Na ƙyale ka ne don kofinka mai kyau ne."

Ya koma gida jiki a sanyaye. In ta taka waje, dokarsa da ya buga da hannunsa ta kore ta daga ƙamus, sauran haruffan su fito a rame, Loi kuma ya samu abin dariya har ya tsufa. Ya kwashe duka ya gaya wa Grazia. Ita ko ɗago kai ba ta yi daga wankin kwanuka ba.

"Me za ta gani a tekun?"

"Ban tambaya ba."

"Kai da ba ka bar ko tsintsiyarta ba ka tambayi sunanta?"

Maganar ta soke shi. Kunya ta kama shi ƙwarai, irin wadda bai taɓa ji a gaban wani malami ba.

Asabar ta gaba ya buɗe mata ƙofar mota. Duk hanya tana faɗa: tuƙinsa na masu jin barci ne, kuma garuruwan da suke wucewa ba su iya shanya kaya ba. Shi kuwa kowace kwana suka sha, ji yake kamar shafi guda ya faɗo daga ƙamus.

Da suka iso bakin ruwa sai ta tuɓe takalmi, ta taka yashi a hankali, ta tsaya inda kumfa ke taɓa mata yatsu. Tambayar da ya saba yi, ta me ake ce wa wannan, ta zo masa har baki, ya haɗiye ta.

"Farfesa," ta ce ba tare da ta waiwayo ba, "kai da ka san inda kowace kalma ta fito. Ta wane gefe ake bi a je Beljiyam?"

Ya nuna mata arewa.

"Ta nan Antoneddu ya bi ke nan. Autana. Ramin kwal ya rufta da shi, can suka binne shi."

Bachisio ya san sunan baƙar rigarta a yare shida, ya san asalin kalmar, ya rubuta shafi biyu a kanta. Duk shekarun nan ya ɗauka mijinta take yi wa makoki da baƙaƙen kayan.

Ya cire kwat ɗinsa ya shimfiɗa mata a kan yashi. Ta zauna tana fuskantar arewa, shi ma ya zauna a gefenta har rana ta karkata.

Loi ya yi dariyarsa a mujalla, kuma juzu'in ƙarshe ya fito siriri kamar yadda aka zata. Bachisio bai fasa hawa dutsen duk Asabar ba, da kofi da sukari. Sai dai yanzu in ya zauna, abin da yake fara cewa shi ne, "Tzia, ba ni labarin Antoneddu."